Cika katirij da kanka, sayen na kamfani, ko bindigar toka: wanne ya dace da mai fara farauta a Jos?

Makon jiya ɗan ƙanwata ya zo wajena nan Unguwar Rogo bayan sallar isha'i, waya a hannu, ko gaisuwa bai gama ba ya ce "Kawu don Allah kalli wannan." Na karɓa na duba, bidiyon YouTube ne na wani Ba'amurke a garejin gidansa, ga tebur tsaf-tsaf, ga wani ɗan inji an ɗaure shi da noti a bakin teburin, mutumin yana ɗauko kwanson katirij da aka riga aka harba yana sakawa yana jan hannun injin ƙasa, can sai ga harsashi ya fito sabo fil kamar yanzu aka ɓare kwali. Yaron ya ce min shi fa ya yanke shawara bana zai shiga farauta gadan-gadan, kuma tunda katirij ya yi tsada gara kawai ya koyi cikawa da kansa, ai ga shi nan ba wani abu ba ne mai wuya. Na ce masa zauna tukuna ɗana, bari a kawo shayi, wannan maganar ba ta tsaye ba ce.

Ni tun ina ɗan saurayi nake bin mahaifina daji, Allah ya jiƙansa, ta wajen Toro da Magama Gumau da ta hanyar Jengre, kuma na riƙe bindigar toka na riƙe mai baki biyu, na ga abin da kowacce ke yi wa mai ita in ya raina ta. Abin da na gaya wa yaron nan a daren shi ne zan faɗa a nan, domin na san ba shi kaɗai ne ke kallon irin wannan bidiyon yana jin ƙaiƙayi a hannu ba.

Da farko dai a fahimci mene ne ma ake cikawa. Katirij ɗin bindigar farauta abu biyar ne aka haɗa wuri ɗaya: kwanso na roba mai gindin ƙarfe, sai ɗan ƙaramin abin nan da ke tsakiyar gindin wanda allurar bindiga ke buga ya ba da tartsatsi, sai albarushi, sai wata roba da ke raba albarushin da ƙwayoyin dalma, sai su ƙwayoyin dalmar kansu. In an harba, kwanso kaɗai ke rage wa. Abin da Baturen nan ke yi shi ne ya sake zuba sauran huɗun sababbi a tsohon kwanson. A ƙasarsu wannan sana'ar nishaɗi ce da ta daɗe, doka ta yarda mutum ya cika don amfanin kansa, akwai kamfanoni irin su Lee da RCBS da Hornady da MEC da ke ƙera injinan, akwai littattafai masu kauri da kamfanonin albarushi suka buga bayan sun gwada kowane haɗi a ɗakin gwaji da na'urar auna ƙarfin fashewa, sannan akwai wata ƙungiya da ake kira SAAMI tun 1926 da ta tsayar da iyakar ƙarfin da kowane harsashi ya kamata ya kai. Wato mutumin da kake gani a bidiyo ba da kansa yake tsaye ba, bayansa akwai kanti, akwai littafi, akwai sikeli mai auna abin da idonka ba zai iya rarrabewa ba, kuma kowace robar albarushi da ya saya da sunanta da lambarta a jiki. Wannan ne kyamara ba ta nuna maka.

Kuma abin da mutane ba su sani ba, ko a can Amurkan, waɗanda cikawa ke yi wa riba sosai su ne masu raifil da masu zuwa filin gwajin harbi suna ƙona ɗaruruwan harsasai a wata, ko mai bindigar da harsashinta ya yi wuyar samu. Mai katirij na lamba 12 da kowa ke amfani da shi, rarar da yake samu kaɗan ce, wasu ma don sha'awa kawai suke yi. To kai da za ka fita neman zabo da makwarwa, harbi nawa kake yi a fita ɗaya? Ni a rani guda da wuya in cinye kwali uku, kuma kwali ɗaya 25 ne a ciki. Akwai ranar da za ka yini kana hawa duwatsu ka dawo da harbi biyu kacal, akwai ranar da ko kunamar bindiga ba za ka taɓa ba. Ka lissafa kuɗin inji da sikeli da sauran tarkace da dala, ka ga shekara nawa za ka yi kafin ka mai da uwar kuɗinka. Tun a nan ma maganar sauƙin kuɗi ta fara rushewa, ba mu ko zo kan babbar maganar ba.

Babbar maganar ita ce doka, kuma a nan na fi daɗewa da yaron don na ga kamar yana ɗaukar abin wasa. Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take, har yau ita ake aiki da ita, kuma ta faɗa ƙarara cewa ba a yarda wani ya ƙera ko ya harhaɗa ko ya gyara bindiga ko harsashi ba sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko wuraren da aka kafa don sojoji, in ban da 'yan izini na musamman da hukumar 'yan sanda ke bai wa masu gyara da maƙeran bindigar gargajiya. Ƙera harsashi a ƙasar nan aikin irin su DICON ne, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka kafa tun 1964. Don haka abin da Ba'amurke ke yi a garejinsa yana sauraren rediyo, in kai ka yi shi a ɗakinka na Gangare ko Rikkos, sunanka mai haɗa harsashi ba bisa ƙa'ida ba, ko da kuwa kana da lasisin bindigar a aljihu. Wasu ƙasashen sun buɗe ƙofar amma da sharaɗi, misali Afirka ta Kudu dokarsu ta shekarar 2000 ta bar mai lasisi ya cika wa bindigarsa, amma ta sa iyaka a kan yawan kayan da zai ajiye, a Jamus kuwa sai ka yi kwas ka samu izinin riƙe albarushi daban. Mu nan ba a buɗe wannan ƙofar ba sam.

Sannan ka tuna a ina kake. Jos ce fa. Garin da ya sha wahalar rikici tun 2001, garin da ba ka fita ta kowace hanya ba ka ci karo da shingen jami'an tsaro ba. Ka ɗauka an shigo bincike layinku, aka buɗe ɗakinka aka tarar da inji da tulin kwansuna da gwangwanin albarushi, wa zai tsaya ya saurari labarin zabo? Wallahi kafin ka gama bayani an riga an jera kayan a ƙasa an ɗauki hotonka kana tsugune. Ba kai kaɗai ba, mahaifiyarka da ƙannenka da maƙwabtanka duk ka jawo musu. Da na faɗa masa wannan na ga jikinsa ya ɗan yi sanyi, ya ajiye wayar a kan tabarma.

To ko da a ce ba dokar ma, ina za ka samu kayan? Tunda ba kantin da ke sayarwa a fili, duk abin da za ka samu ta bayan fage ne, a ƙulle a leda, ba suna ba lamba. Shi kuwa albarushin katirij na zamani, wanda ba ya hayaƙi, wanda wani Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, iri-iri ne, wani yana ci da sauri wani a hankali, a ido kuma za ka ga kamar duk ɗaya ne. Ma'aunin da ya yi daidai da wannan, in ka zuba shi na wancan sai ya tsaga bindiga. Ba abin da za ka auna da cokali ko murfin kwalba ba ne. In ya yi yawa bindiga ta fashe a fuskarka, in ya yi kaɗan ko ka manta ba ka zuba ba, robar ciki ta maƙale a tsakiyar bututu ba ka sani ba, ka sake sa wani ka harba, nan ma fashewa ce. Duka biyun sun faru da mutanen da suke da littafi da sikeli, balle kai da ba ka da ko ɗaya.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata shekara wani abokin farautarmu ya zo da katirij da ya ce ya samu da araha a hannun wani. Muna zaune a gindin ɗorawa da asuba ana jiran gari ya ɗan waye, ga sanyin nan na Disamba da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa, sai Baba, dattijon da muke bi a lokacin, ya ce miƙo in gani. Ya juya shi a tafin hannu ya haska da tocila. Robar ta ɗan kumbura a gefe, gindin ƙarfen ya yi tabon tsatsa, bakin kuma maimakon ninkin nan mai kamar tauraro da kamfani ke yi, an toshe shi ne da narkakken kyandir. Baba ya zaro wuƙarsa ya yanka ɗaya ya zazzage a kan hularsa, sai ga gutsattsarin ƙarfe da dalma manya da ƙanana ba tsari, albarushin kuma kala biyu a gauraye. Bai yi faɗa ba, ya ɗaga hannunsa na hagu kawai ya nuna mana, yatsu uku ne a jiki, ya ce "'Ya'yana, wannan ma bindigata ce da na yarda da ita ta yi min." Abokin nan namu ranar bai yi harbi ko ɗaya ba, jaka ya riƙe mana har muka dawo.

Akwai kuma maganar dalma da ba a cika kawowa ba. Wasu masu cika katirij a ɓoye tsohon batirin mota suke fasawa su narkar da dalmar a murhu, wani lokaci a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Mu 'yan Arewa bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Hayaƙinta da ƙurarta ba sa wari da zai gargaɗe ka, suna taruwa ne a jiki a hankali, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro suka fi yi wa illa.

To mu koma kan hanya ta biyu, wato bindiga mai lasisi da katirij na kamfani. Ni a wajena in har mutum zai iya samunta, wannan ita ce hanyar da hankali ya fi kwanciya da ita, nesa ba kusa ba. Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu irin na yaƙi da fistol, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, inda bindigar farauta mai baki ɗaya da mai baki biyu suka faɗo, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma na ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, da ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai matsalar ido, ko mai taɓin hankali, ko mashayi, ko wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali a 'yan shekarun baya. Ku lura da wani abu da yawancin samari ke kuskure a kai, bindigar famfo, wato pump action, da kowa ke sha'awa ba ta cikin rukunin na amfanin kai, domin dokar ta cire duk bindigar farautar da ke da na'urar ɗura kanta, shi ya sa a 2018 da 'yan sanda suka yi shelar tattara haramtattun makamai har da ita a ciki. Sannan a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, ka taka da ƙafarka ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka ji halin da ake ciki daga bakinsu, kada ka biye wa ɗan kamasho da zai ce ka kawo kuɗi ya haɗo maka takarda, takardar bogi ta fi rashin takarda jawo bala'i. Haka kuma bindigar gado, lasisin mahaifinka nasa ne, bai zama naka ba don kawai bindigar ta dawo ɗakinka.

Amfanin katirij na kamfani shi ne ka san abin da ke hannunka. Komai a rubuce yake a jikin kwali da jikin kwanson. Lamba 12 da ake faɗa faɗin bakin bindigar ne, asalin lissafin kuwa shi ne in ka dunƙula dalma daidai faɗin bututun, guda 12 ne za su yi nauyin laba ɗaya, shi ya sa lamba 20 ta fi 12 ƙanƙanta duk da adadin ya fi yawa. Kada ka taɓa haɗa su a aljihu ɗaya, domin na 20 yana zurarewa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, kai kuma ka ga kamar ba komai ka sa wani a bayansa. Sai tsawo, akwai milimita 70 akwai 76, kuma a jikin bindigar an buga wanda take ɗauka, mai 76 tana cin na 70 lafiya lau amma mai 70 ba a sa mata na 76 ko da ya shige. Sai girman ƙwayoyi, nan kuma lamba in ta ƙaru ƙwayar ƙanƙancewa take, lamba 6 ko 7 na tsuntsaye ne irin kurciya da hasbiya da makwarwa, lamba 4 ta fi dacewa da zabo da zomo don zabo gashinsa na da kauri yana shanye ƙananan ƙwayoyi ya tashi da rauni ya je ya mutu a banza inda ba za ka gan shi ba. Wannan kaɗai ya isa dalili, maharbin kirki ba ya son raunata dabba ya bar ta tana wahala, kuma katirij da ka san ƙarfinsa shi ke ba ka damar sanin nisan da za ka harba da nisan da za ka haƙura.

Illarsa tsada, ba zan ɓoye ba, ga kuma wuyar samu a hannun dila mai rajista. Kuma shi ma harsashin doka ta ɗaure shi da lasisi, ba wai kowa zai saya ya ajiye ba. A nan ne mutane ke zamewa su faɗa hannun masu na araha, wanda yawanci irin wancan ne da Baba ya yanka mana. In za ka saya ka duba ninkin baki, ka duba gindi ko akwai alamar an taɓa buga shi, ka duba ko duk na cikin kwalin iri ɗaya ne kala ɗaya. Ajiya kuma a Jos sai an kula, damina a nan tana da tsawo, watan Agusta bango ma gumi yake yi, in ka bar kwali a ƙasan gado kan siminti sai ka tarar gindin ya yi tsatsa. Ka samu akwatin ƙarfe mai kwaɗo ka ɗora shi a sama inda ya bushe, nesa da murhu, kuma daban da inda bindigar take, makullin a jikinka ba a ƙarƙashin matashi ba.

Hanya ta uku ita ce bindigar toka, harbi-ka-ruga, wadda in ka duba da kyau ita ce ainihin "cika da kanka" ta ƙasarmu, don kowane harbi kai ne ke ɗura shi ta baki da hannunka. Ita ce kakanninmu suka yi farauta da ita, ita ce har yau a kafaɗar yawancin maharban ƙauye, kuma ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin samun amincewar hukuma in ka bi ta hannun ƙungiyar maharba da Sarkin Baka na yankinku suka san da zamanka, DPO ma ya sani. Ina ƙaunarta, ba zan yi ƙarya ba, ƙamshin hayaƙinta da safe yana tuna min da mahaifina. Tana koya wa mutum haƙuri da sanɗa, domin harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure kafin ka sake ɗurawa garken zabin ya kai wani dutsen, don haka dole ka koyi matsowa kusa, ka koyi karanta iska, ka san inda suke shan ruwa da inda suke kwana.

Amma ba zan ba sabon shiga shawarar ya saye ta ya tafi shi kaɗai ba. Matsalarta ta farko bututun, ba duk maƙeri ne ke amfani da ƙarfen kirki ba, wani bututun ruwa ne mai ɗinki a gefe, kuma ba inda aka gwada ƙarfinsa kafin a miƙa maka. Ta biyu, albarushinta baƙi ne na gargajiya mai hayaƙi, kuma kuskuren da ya fi cin yatsun mutane shi ne a farke katirij na zamani a juye albarushinsa a cikinta wai don ta ƙara ƙarfi, wannan ba ƙarin ƙarfi ba ne, bam ne ka rungume a kafaɗarka. Ta uku danshi, baƙin albarushi yana shan raɓa, sai ka ja kunama ka ji shiru, can bayan 'yan daƙiƙoƙi ta tashi. Mutane nawa ne suka juyo da bakin don su leƙa me ya faru? In ta ƙi tashi ka ci gaba da nuna ta inda ba kowa, ka ƙirga minti guda cur kafin ka motsa. Sannan ɗuri biyu, mutum ya ɗura jiya ya manta yau ya ƙara wani a kai, shi ya sa tsofaffin maharba ke yin alama a jikin sandar ɗuri don su san ko da wani abu a ciki. Duk waɗannan ba a koyon su a waya, a gefen dattijo ake koyonsu, yana kallon hannunka yana buge shi in ka yi ba daidai ba.

In ka jera su ukun, ta fuskar doka na kamfani da lasisi ne a gaba, toka na biye da shi in an bi ta hannun hukuma, cikawa kuwa babu ita ma a layin. Ta fuskar lafiyar jikinka ma haka jerin yake. Ta fuskar aljihu ne kawai toka ke wucewa gaba, ita kuwa cikawa da ake ganin ita ce mai sauƙi, in ka haɗa kuɗin kaya da abin da za ka biya ranar da aka kama ka ko ranar da aka kai ka asibitin JUTH da hannu a naɗe, ta fi kowacce tsada.

Akwai ma ta huɗu da samarin yanzu ke rainawa, farautar kare da gora. Ba lasisin bindiga, ba albarushi, ba fargabar shinge, kuma zomo da gafiya da kurege duk ana samu. Yawancinmu da ita muka fara, kuma wanda ya yi rani biyu yana bin karnuka ya fi wanda ya sayi bindiga jiya sanin daji sau goma. Abin da kawai zan roƙa, a daina cinna wa daji wuta don korar nama, ana ƙona wa manoma amfanin gona da makiyaya ciyawa, kuma a Filato kowa ya san ƙaramin abu irin wannan yana iya zama babban rikici.

Ko wacce ka zaɓa, ka san inda ƙafarka za ta taka. Gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, da Pandam can ƙaramar hukumar Qua'an Pan, da dajin Amurum na Laminga inda ake binciken tsuntsaye, da Yankari a Bauchi, duk ba wuraren farauta ba ne, kuma akwai dabbobin da doka ta hana taɓawa ko a ina ka gan su. In za ka shiga dajin wani ƙauye ka fara zuwa wajen mai gari ka gaishe shi ka faɗi ko kai wane ne, baƙo da bindiga a gonar mutane a wannan zamanin ba wanda zai ɗauka zabo yake nema. Ka bar farauta da damina lokacin da suke ƙwai da goyo, ka jira kaka ta wuce. Naman da aka harba da dalma kuma ka tsince ƙwayoyin ka yanke wajen raunin kafin a sa a tukunya, musamman in yara da mai ciki za su ci.

Da muka gama shayin ya yi shiru can ya ce, "To Kawu yanzu ni ya zan yi, na riga na fara tara kuɗin injin." Na ce kuɗin ka ajiye, ka cire kaɗan ka sayi takalmi mai kauri da tocila mai kyau da jarkar ruwa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka zo nan kafin kiran assalatu, za mu bi ta hanyar Bauchi, kai za ka riƙe jaka da igiyar karnuka, bindiga kuwa ba za ka taɓa ta ba sai na ga yadda kake tafiya a bayan mai ita. In rani ya ƙare kana nan ba ka gaji ba, ni da kaina zan kai ka wajen Sarkin Baka a rubuta sunanka, daga nan mu wuce ofishin 'yan sanda tare mu ji abin da za su ce. Ya ce "Allah ya kai mu Kawu," ya ɗauki wayarsa ya tafi, na ji shi a zaure yana tambayar mamarsa a waya ko tsohuwar rigar sanyin babansa tana nan.